Golf na Faifai a Lambunan Jama'a: Wa Ke Biyan Kuɗin Wasan da Ake Ce Kyauta Ne?

Da sanyin safiyar Asabar, a lambun shaƙatawa na Hahamongna da ke gefen birnin Pasadena a jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙarar da ke tashi daga ƙarƙashin tsofaffin itatuwa ita ce ta sarƙa. Mutane uku ko huɗu, kowa da jaka a baya, suna tsayawa wuri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ya ja hannu ya wurga faifan roba, faifan ya ratsa tsakanin rassa ya sauka can nesa. Sai su taka zuwa inda ya faɗi, kowa ya sake jifa daga nan, har faifansa ya daki sarƙoƙin da ke rataye a jikin wata sandar ƙarfe ya zube cikin kwandon da ke ƙasansu. An gama zango ɗaya ke nan. Saura goma sha bakwai, kuma wanda ya kammala da mafi ƙarancin jifa shi ne gwani. A daidai wannan lokaci, a cikin lambun dai, akwai mai gudun motsa jiki, akwai mai yawo da kare, akwai iyaye da 'ya'yansu, kuma ba ɗayansu da ya zo da niyyar kallon sama.

Wannan shi ne golf na faifai, kuma a 'yan shekarun nan ya bazu da saurin da ya ba hukumomin birane mamaki. Ƙididdigar manhajar UDisc, wadda 'yan wasan ke rubuta makinsu a ciki, ta nuna filayen wasan sun haura 15,000 a duniya, wajen 10,000 daga ciki a Amurka, kuma kusan tara cikin goma ba a biyan ko sisi kafin a shiga. Ƙungiyar PDGA da ke tsara dokokin wasan ta shafe shekara 41 kafin ta ba da lambar rajista ta 100,000 a 2017, amma ta kai ta 200,000 a 2021. Annobar korona ce ta yi wannan aiki: an rufe filayen ƙwallo da gidajen motsa jiki a 2020, aka bar lambuna a buɗe, mutane kuwa suka gano wasan da ake yi a waje ba tare da an matsi juna ba.

Ra'ayina shi ne wasan ya cancanci gurbi a lambunan jama'a, kuma ya kamata ya ci gaba da zama kyauta. Sai dai arahar da ake yi masa kirari da ita ta kafa fili ce kawai. Riƙe filin yana da tsada, kuma duk birnin da ya karɓi kwanduna daga hannun ƙungiyar 'yan wasa ya juya baya, to ya ɗora wannan tsada ne a kan ƙasa da itatuwa da sauran masu shiga lambun.

Daga sanda zuwa kwando

Lambun Hahamongna, wanda a da ake kira Oak Grove, shi ne inda aka kafa filin farko na dindindin a 1975. Wanda ya tsara shi Ed Headrick ne, ma'aikacin kamfanin kayan wasa na Wham-O, kuma shi ne ya gyara fasalin faifan Frisbee da Amurkawa ke wurga wa juna a bakin teku. Da farko sanduna kawai aka kakkafa, a ce wanda faifansa ya taɓa sanda ya gama zango, abin da ke jawo musu tsakanin abokai kan ya taɓa ko bai taɓa ba. Headrick ya kashe musun da ya ƙirƙiro sanda mai sarƙoƙi da kwando, ya samu rajistar mallakar fasaharta a 1977: sarƙa ta kashe gudun faifai, kwando ya tare shi. Shi ne kuma ya kafa PDGA a 1976. Da ya rasu a 2002, bisa wasiyyarsa aka cakuɗa tokar gawarsa cikin robar wasu faya-fayai, abin da ke nuna iya inda son wasan ya kai shi.

Abin lura a wannan tarihi shi ne tun ranar farko a lambun hukuma aka haifi wasan, ba a filin wani kulob ba. Haka kuma ya ci gaba da yaɗuwa. 'Yan wasan wani gari su haɗa kai, su je majalisar birni da roƙo, su ce a ba su wani lungu na lambu, su za su tara kuɗin kwanduna, su za su yi shara da sassabe. Hukumar da kullum ke kukan ƙarancin kuɗi ba ta cika ƙin irin wannan tayi ba.

Me ya sa birane ke amsawa

Duk wanda ya san filin golf na ainihi, irin na Kano ko Kaduna ko Abuja, ya san wasa ne na masu hali. A Amurka fili mai rami 18 yakan ci hekta 50 zuwa 60, gina shi miliyoyin daloli ne, kuma ciyawarsa na shan ruwa da taki da aski kullum. Filin faifai mai zango 18 kuwa yana iya zama a hekta goma ko ƙasa da haka. Kwando ɗaya 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma fili mai zango tara, da daɓen simintin da ake tsayawa a yi jifa da allunan nuna hanya, yakan tsaya a dala dubu goma zuwa ashirin idan an samu 'yan sa-kai. Ba ya buƙatar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Hasali ma tudu da kwari da kurmi da bakin rafi, wuraren da ba za a iya yin filin ƙwallon ƙafa ba, su ne 'yan wasan suka fi so, don itace a tsakiyar hanya shi ne daɗin wasan.

Ta ɓangaren mai wasa ma haka lissafin yake. Faifai ɗaya bai wuce dala 10 zuwa 20 ba, kuma da shi kaɗai sabon shiga zai iya zagaya fili. Zagaye ɗaya awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu, saɓanin awa huɗu na golf, ga tafiyar ƙafa ta kilomita uku zuwa biyar wadda mutum ba ya jin ya yi ta saboda hankalinsa na kan faifai. Kaka da jika za su iya yi tare. A ƙasashen da likitoci ke ta fama da mutane su tashi daga kujera, samun abin da zai fitar da magidanci ɗan shekara arba'in ya yi tafiyar awa biyu da son ransa ba ƙaramin abu ba ne. Ana kuma yawan cewa fili na korar masu shaye-shaye da ɓata-gari daga lungunan lambu da aka yi watsi da su. Hujjar wannan galibi labaran ma'aikatan lambu ne, don haka bai kamata a ɗora gini a kanta ba, amma hankali ya yarda cewa wurin da ƙafa ke bi daga asuba zuwa magariba ya fi wurin da ba kowa aminci.

Har nan ba gardama. Gardamar tana farawa ne daga abubuwa biyu da suka canza bayan an kafa yawancin tsofaffin filayen: shi kansa faifan, da yawan masu jifansa.

Faifan ya canza, lambun bai ƙara faɗi ba

Faifan da Headrick ya tsara fili dominsa mai kaurin baki ne, mara nauyi, an yi shi don a cafe da hannu. A 1983 Dave Dunipace, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Innova, ya fito da faifai mai siririn baki da ke yanka iska, kuma daga nan kamfanoni suka shiga tseren wa zai yi wanda ya fi nisa. Faifan jifa mai nisa na yau faɗinsa wajen santimita 21 ne, nauyinsa gram 170 zuwa 175, robarsa mai tauri, bakinsa mai kaifi. Ƙwararru kan wurga shi da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, ya yi tafiyar fiye da mita 150. Ko matashin da ya yi wata shida yana koyo zai iya kai shi mita 80 ko 90. Kuma faifai ba ya tafiya a miƙe. Wanda na-dama ya wurga da bayan hannu yakan karkata hagu idan gudunsa ya ragu, iska na iya kifar da shi, reshe na iya mayar da shi inda ba a nufa ba. Sabon shiga yana da ƙarfi tun kafin ya samu saiti, kuma korona ta cika lambuna da sabbin shiga.

Masu adawa da filayen sukan kafa hujja da abin da ya faru a lambun Polliwog da ke Manhattan Beach a Kalifoniya, inda a 2012 faifai ya sami wata mata a ido ya lalata mata gani, maganar ta je kotu, daga baya birnin ya cire filin. 'Yan wasa kan amsa da cewa irin wannan ba kasafai yake faruwa ba idan aka duba miliyoyin zagayen da ake yi a shekara, kuma dokar PDGA ta hana jifa muddin akwai wanda faifai zai iya samu. Duka biyun gaskiya ne, amma amsar ba ta gamsar ba. Yawancin masu wasa a lambun unguwa ba 'yan PDGA ba ne, ba su taɓa buɗe littafin dokarta ba. Mai keke da ya faɗi ya san da haɗarin da ya ɗauka, haka mai ƙwallo. Matar da ke zaune a kan benci ba ta shiga wasan kowa ba. Saboda haka ba a hannun ladabin mai jifa za a bar lafiyarta ba, a hannun mai tsara fili take. Hanyar faifai a lambu kamar burtali ce a tsakiyar gonaki: idan an shata ta da faɗi kowa ya san iyakarta, a zauna lafiya, idan kuwa aka bar ta ta bi ta inda ta ga dama, rigima na nan tafe ko da makiyayin mutumin kirki ne. Zangon da ya ƙetare hanyar masu tafiya, ko wanda mai jifa ba ya ganin inda faifansa zai sauka saboda tudu, ko kwandon da aka kafa kusa da lilon yara, kuskuren tsari ne, kuma allon gargaɗi ba ya gyara shi.

Abin da ƙasa ke ɗauka

Illa ta biyu a hankali take zuwa, shi ya sa ake raina ta. Mai yawo a lambu yana bin hanya. Mai faifai yana bin faifansa, duk inda ya faɗi, cikin ciyawa ko gangaren rafi. Sannan kowane ɗan wasa, ba tare da togiya ba, sai ya tsaya a wurare biyu: inda ake jifa da gindin kwando. Idan mutum ɗari biyu suka taka da'ira ɗaya kowace rana, ciyawa ta mutu, ƙasa ta daddaɓe ta daina shan ruwa, ruwan sama ya riƙa gudu a kanta yana kwashe ta, saiwoyi su fito fili. Itatuwan da ke gaban wurin jifa kuma suna shan sara a gefe ɗaya dubban sau, ɓawonsu ya ɗaye, ƙananan da ke tasowa su karye tun ba su yi ƙwari ba.

Birnin Austin na jihar Texas ya ga wannan da idonsa. Filin lambun Pease, wanda ya bi gaɓar rafin Shoal Creek a tsakiyar gari, yana cikin waɗanda aka fi cika a jihar, har hukumar lambuna ta rufe shi a ƙarshen 2010 saboda zaizaya da daddaɓewar ƙasa. 'Yan wasa sun yi fushi, suka ce ambaliya da fari da karnuka da masu gudu duk suna da hannu a lalacewar, me ya sa su kaɗai za a kora. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Amma abin da birnin ya yi bayan nan shi ya fi koyarwa: ya gina sabon fili a lambun Roy G. Guerrero, aka buɗe a 2012, a wuri mai faɗi da aka zaɓa aka tsara domin wasan. Wato Austin bai ce wasan ba shi da amfani ba. Ya amince ne cewa fili mai farin jini kayan more rayuwa ne kamar wurin ninkaya, sai an kashe masa kuɗi. A lambun Golden Gate na San Francisco, inda aka tabbatar da fili a 2007 bayan doguwar muhawara kan itatuwa, ƙungiyar 'yan wasa ce ke zuba ɓarzajjen itace a gindin kwanduna tana sa wa itatuwa kariya. Ana iya yi, ke nan. Akwai ma dabara mai sauƙi ta haƙa wa kowane kwando gurbi biyu ko uku a riƙa sauya masa wuri don ƙasa ta huta. Matsalar ita ce aikin sa-kai yana rataye ne a wuyan mutum biyar ko shida, kuma idan suka gaji ko suka bar gari, sai a wayi gari ba wanda ke da alhakin komai.

Filin kowa, ko na wasu?

Suka ta uku ta fi sauran wuyar amsawa. Kwando ba ya cin wuri, amma sararin da faifai ke bi yana ci, kuma uwar da ta ga ana wurga abu a wani sashe na lambu ba za ta shimfiɗa wa 'ya'yanta abinci a can ba ko da ba shinge. A aikace, an ba wa rukuni ɗaya hekta goma. Wane rukuni? Mata ba su kai ɗaya cikin goma na masu rajista da PDGA ba, kuma a Amurka mafi yawan 'yan wasan fararen fata ne. Duk da cewa Kristin Tattar 'yar Estoniya, wadda ta ci gasar duniya a 2022 da 2023, ta jawo 'yan mata da yawa, har yanzu mai shiga fili zai fi cin karo da gungun maza. Ga kuma kamfanoni na cin riba: Paul McBeth, mai kambun duniya shida, ya sa hannu a 2021 kan yarjejeniyar dala miliyan 10 ta shekara goma da kamfanin Discraft, kuɗin da ke fitowa daga cinikin faya-fayan da ake wurgawa a ƙasar jama'a.

Ban ga wannan ya isa a hana fili ba. Filin tanis ma rukuni ɗaya yake yi wa aiki, kuma an zuba masa kwalta an kewaye shi da waya, alhali filin faifai idan an gaji da shi a yini ɗaya za a tumɓuke kwandunan. Abin da sukar ta wajabta shi ne a tambayi wa ke amfani da wurin kafin a bayar, kuma a daina barin gwanaye su tsara fili don kansu. Ƙungiyoyi sun fi son dogayen zanguna masu wahala irin na gasa, alhali abin da ke shigo da yara da mata da tsofaffi shi ne gajeren fili mai zango tara, kowanne mita 40 zuwa 60, kusa da makaranta ko tashar bas. Irin wannan ya fi araha, ya fi aminci, kuma ba ya buƙatar faifai mai kaifin baki.

Yadda Finland ta yi

Wanda ke son ganin abin da hukuma za ta iya idan ta ɗauki wasan da gaske ya dubi Finland. An kafa filin farko a unguwar Meilahti ta Helsinki a 1983, yau kuwa ƙasar mai mutum miliyan biyar da rabi tana da filaye wajen dubu, wato kusan fili ɗaya ga kowane mutum 5,500, ninki biyar ko shida na abin da Amurka ke da shi idan aka auna da yawan jama'a. Da yawansu ƙananan hukumomi ne suka gina a matsayin kayan motsa jiki, gefe ɗaya da hanyoyin gudun kan ƙanƙara, wasu a harabar makarantu. Ɗan kasuwa Jussi Meresmaa ya taimaka da kamfaninsa na DiscGolfPark, wanda ke sayar wa hukuma fili ɗungurungum, da tsari da kwanduna da alluna, ta yadda ba sai an dogara da ƙiyasin 'yan sa-kai ba. A 2025 aka yi gasar duniya ta ƙwararru a yankin Tampere da Nokia, karo na farko da ta bar Arewacin Amurka.

Za a ce Finland na da daji ba iyaka da mutane kaɗan, ga dokar da ta ba kowa damar yawo a dajin wani, don haka misalinta bai dace da birni mai cunkoso ba. Haka ne, kuma ko a maƙwabciyarta Suwidin, shahararren filin Järva na Stockholm ya shafe shekaru cikin taƙaddama da hukumar birni kan shirin gina maƙabarta a wurin. Ƙasa a birni ba ta taɓa zama banza ba. Amma abin ɗauka daga Finland ba yawan daji ba ne. Yawan filayen ne ke raba ƙafa, ta yadda fili ɗaya ba ya shan abin da Pease ya sha, kuma sunan filin yana cikin kasafin wata hukuma da za a iya kira idan reshe ya karye.

A sa kuɗin shiga?

Wasu masu kula da lambuna, har da wasu 'yan wasa, na ganin mafita ita ce a riƙa karɓar dala biyar ko goma a ƙofa a yi gyara da su. Suna nuni da filaye masu zaman kansu irin Maple Hill na jihar Massachusetts, wanda ke cikin gonar itatuwan Kirsimeti kuma ana sa shi cikin mafi kyau a duniya. Ga fili irin na gasa, wanda mutane ke tuƙo mota daga nesa dominsa, wannan daidai ne, kuma yana rage wa lambunan unguwa nauyi. Amma a lambun unguwa kuɗin ƙofa yana kashe dalilin da ya sa aka ba da ƙasar tun farko. Yaro ɗan shekara 12 da ya zo da faifai ɗaya a kan keke, shi ne hujjar filin, kuma shi ne na farko da kuɗin zai kora. Bugu da ƙari, lambu mai ƙofa goma sai an ɗauki ma'aikaci kafin a karɓi kuɗi, albashinsa kuma na iya cinye abin da aka tara. Akwai hanyoyin da ba su taɓa aljihun yaron ba: kuɗin izini daga gasannin da ake shiryawa a filin, tallar shagunan gari a jikin alluna, gudummawar kamfanonin faifai, da rubutacciyar yarjejeniya da ƙungiya wadda ta faɗi wa ke sassabe, wa ke duba itatuwa, wa ke da ikon rufe zango idan damina ta jiƙa ƙasa.

Saurin da wasan ya yi a lokacin korona ya lafa, kuma wannan ya ba hukumomi sararin da ba su samu ba a 2020 da 2021. Aikin da ke gabansu ya fi shafar tsofaffin filaye fiye da sababbi: a bi waɗanda aka shata a shekarun 1970 da 1980 zango-zango, a tsaya a wurin jifa a auna inda faifan yau zai iya kaiwa idan ya kuɓuce hagu ko dama. Wani zangon a gajarta shi, wani a juya masa fuska, wani a mayar da shi can bayan lambu. Kwandon da ke kusa da lilon yara kuwa a cire shi, ko da ƙungiya ce ta saye shi da kuɗinta kuma ya shekara talatin a wurin.